Idan Ƙwai Ya Maƙale wa Kaza: Abin Yi da Abin Bari

Laccar da aka gabatar wa masu kiwon kaji a cikin gida a Gombe, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena mata da sauran jama'a, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Kaza takan yi awa 24 zuwa 26 tana haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen yin ɓawo suke tafiya. Idan ya kammala, jijiyoyin mahaifa ne ke turo shi waje. To, ɓawon da jijiyoyin duk abu ɗaya suke ci, wato sinadarin kalsiyam. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kusan giram 2. Kazar da ake watsa wa tsaki da dusa kaɗai ba ta samun wannan, sai ta riƙa zara daga ƙashinta har ƙarfin yunƙuri ya ƙare mata. Nan yawancin matsalar take. Sauran dalilan su ne ƙiba, ƙwai mai gwaiduwa biyu, sagarar da aka bar wa kwan lantarki dare da rana ta fara saka tun ƙugunta bai buɗe ba, da ƙishirwa, musamman a zafin Maris da Afrilu na garin nan.

Yaya za ki gane? Za ki ga tana shiga akurki tana fita ba ƙwai. Ta tsaya a miƙe, gindi ya yi ƙasa, wutsiya na ɗagawa tana sauka, ta bar ci, kashi kuwa ko babu ko ɗan ruwa-ruwa. Ƙofar ƙwai da ta kashi ɗaya ce, shi ya sa wadda ya toshe wa hanya takan mutu cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Amma a tabbatar tukuna, don ba kowane kumburin ciki ne ƙwai ba. Ki sa safar hannu, ki shafa basilin ko man gyaɗa a yatsa, ki zura a duburarta a hankali, kamar gaɓa biyu, ki ɗan karkata sama wajen baya. In ƙwai ne za ki taɓa abu mai tauri da santsi. In ciki ya yi lugub kamar leda cike da ruwa, wata cuta ce daban, wannan sai asibitin dabbobi.

In kin tabbatar, fara da kalsiyam. Ki sayi ƙwayarsa a kemis, mai miligiram 500 ko 600, ki daka guda ɗaya ki dama da ruwa kaɗan, ki riƙa ɗiga mata a gefen baki tana haɗiya da kanta. Kada a ɗura, ruwan zai bi hanyar numfashi ya shaƙe ta.

Sai ruwan ɗumi a roba, irin wanda gwiwar hannunki ke jurewa, kamar na wankan jariri. Ki zaunar da ita ruwan ya rufe ciki da dubura, kanta a sama, minti 15 zuwa 20. Za ta yi fiffika da fari, sannan ki ji ta saki jiki a hannunki. Ki tsane ta sosai da tsumma, balle da hunturu, ki shafa mai a bakin duburar da ɗan ciki, ki kife ta da kwando a ɗaki mai duhu, da ruwan sha kusa. Ki bar ta awa guda, ban da leƙe-leƙen yara. In bai fito ba a sake wankan, sau biyu ko uku.

Ga inda mutane ke kashe kaza da hannunsu: matsawa. An ji ƙwai a ƙarƙashin yatsa, sai a ce bari a taimaka mata. Ƙwan ya fashe a ciki, ɓawon ya yanki mahaifa, gwaiduwa ta zube ta ruɓe, bayan kwana kaɗan kaza ta tafi. Ko kuma mahaifar ta zazzago waje ja wur, sauran kaji su yi ta saranta. Shafa a hankali daga ƙashin ƙirji zuwa dubura ba laifi, amma hannu ya zama kamar ana shafa kan jariri. Tsinke da cokali kuwa kada su kusance ta.

In yini ya wuce shiru, ko an ga gwaiduwa na ɗigowa, a kai ta wurin likita. Yana da allurar kalsiyam, yana kuma iya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji ya ciro ɓawon. Wanda ke nesa da likita, kazar kuma ta galabaita, gara ya yanka kafin ta zama mushe. In an buɗe an tarar ciki ya yi wari ko ruwa, a binne.

Wadda ta tsira a bar ta a duhu kwana biyu-uku ta huta da saka. Sauran kuwa a ajiye musu kasko daban: ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, ko garin ƙashi, ko garin dutse mai kalsiyam da masu abincin kaji ke sayarwa. Ban ce farar ƙasar shafen ɗaki ba, ita ƙona baki take yi. Mai saka tana bukatar kusan giram 4 na kalsiyam kullum, kuma kada a haɗa wannan kasko da 'yan tsaki, yawansa na lalata musu ƙoda.