Jawabin Maraba ga Dakta Ayesha Imam a Ziyarar da Ta Kawo wa Tsangayarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban taro, shugabannin sassa da malaman wannan tsangaya, masu girma alƙalai da lauyoyin da suka amsa gayyatarmu, iyayenmu mata shugabannin ƙungiyoyi, ɗalibai maza da mata, da kuma babbar baƙuwarmu, Dakta Ayesha Imam, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranki ya daɗe, a madadin malamai da ɗalibai da dukkan ma'aikatan wannan tsangaya, ina yi miki barka da zuwa, da fatan kin iso lafiya, kin kuma baro mutanen gida lafiya. A takardar gayyata mun kira ki baƙuwa domin haka tsarin taro ya tanada, amma wadda ta riƙe alli ta koyar a Zariya, ta kuma shiga gidajen Kano tana zama da matan aure tana sauraronsu, ba za a nuna mata hanya a ƙasar Hausa ba. Sai dai mafi yawan ɗaliban da suka cika wannan zaure ko dai ba a haife su ba, ko kuma suna goye, a lokacin da sunanki ya karaɗe gidajen rediyon duniya, saboda haka ina neman izininki in ɗan gabatar musu da ke, ko da yake na san yabo a gaban ido yana da nauyi ga mai kunya.

Baƙuwarmu ta yi digirinta na farko a fannin nazarin zamantakewar al'umma a birnin Landan, ta kammala a 1980, sannan ta dawo gida ta kama aikin koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ta yi digiri na biyu. Zariya ta wancan lokaci matattarar muhawara ce, kuma a cikin wannan yanayi ne aka yi wani taro a jami'ar a 1982 wanda ya haifar da ƙungiyar matan Nijeriya da aka fi sani da WIN, ƙungiyar da ta buɗe ƙofarta har ga mazan da suka yarda da manufarta, ta kuma dage a kan cewa ba a raba matsalar mace da matsalar talauci. Dakta Ayesha tana cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuma riƙe muƙamin sakatariyarta ta ƙasa tun tana matashiyar malama.

Digirinta na uku, wanda ta yi a Jami'ar Sussex da ke Ingila, a kan kulle ne a Kano. Ina so ɗalibanmu su lura da yadda ta tunkari wannan batu, domin akwai darasin bincike a ciki. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi rubutu a kan kulle sun ɗauki matar da ke cikinsa tamkar wadda ba ta da ta cewa, wasu suna tausaya mata daga nesa, wasu kuma suna yabon tsarin ba tare da sun taɓa tambayarta ba. Ita kuwa sai ta tambaye ta. Abin da ya fito fili shi ne, matan suna kallon kulle a matsayin yarjejeniya mai haƙƙoƙi a ɓangarori biyu, har ma taken kundin nata yana ɗauke da ma'anar cewa idan miji bai sauke abin da ke kansa ba, to matar ma ba za ta yi masa zaman kulle ba. Duk wanda ya san yadda mace take sana'ar ƙosai ko ɗinkin hula daga cikin ɗaki, tana tara jarinta, tana zubin adashi, tana biki da ƙawayenta, ya san cewa gidan Bahaushe ya fi yadda ake zana shi a littattafai zurfi.

Daga nan ne ta shiga fagen da mutane da dama suke kauce wa, wato nazarin al'amuran jima'i da yadda doka da al'ada da fassarar addini suke tsara su. Mu Hausawa mutane ne masu kunya, kuma kunya abar alfahari ce, amma malaman fiƙihunmu ba su taɓa barin ta ta hana su karantar da babin haila da janaba da idda da li'ani a zaure ba, domin sun san cewa abin da aka ƙi koyarwa a gaban malami, za a koye shi a gurguje a wani wurin. A wata maƙala da ta wallafa a shekarun 1990, Dakta Ayesha ta nuna cewa al'ummomin Musulmi ba su taɓa zama iri ɗaya ba a wannan sha'ani, kuma abubuwa da dama da ake jingina wa addini, idan aka bi salsalarsu, al'adar wani yanki ce ko siyasar wani zamani. Kisan 'ya mace da sunan wanke sunan dangi, wanda aka sani a wasu ƙasashe, baƙon abu ne a ƙasar Hausa, kamar yadda kaciyar mata ta yaɗu a Masar da Sudan alhali mafi yawan Musulmin Maroko da Aljeriya ba su san ta ba. Ashe ke nan wajibi ne mai bincike ya rarrabe tsakanin nassi da fahimtar malamai da kuma abin da mutane suka saba yi.

Wannan tunani ne ya kai ta ga aiki da gamayyar nan ta ƙasa da ƙasa ta matan da ke rayuwa ƙarƙashin dokokin Musulmi, kuma daga binciken da suka gudanar a Nijeriya a kan dokokin iyali ne aka kafa ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata a 1996, ita ce kuma shugabarta ta farko. Ba a daɗe ba sai ilimin da suka tara ya gamu da jarrabawa. A watan Oktoban 1999 gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, jihohi goma sha biyu suka rungumi tsarin cikin ɗan lokaci, jama'a kuma suka yi marhabin da shi saboda ƙishirwar adalci. To amma an rubuta dokokin cikin gaggawa, alƙalan ƙananan kotuna da yawa ba su samu horon da ya kamata ba, kuma shari'o'in zina da suka fi jan hankali sun faɗa ne a kan matan karkara talakawa, waɗanda suka tsaya gaban alƙali ba lauya, ba kuma wanda ya fayyace musu abin da amsarsu za ta jawo. Namijin da aka ambata yakan musanta, a rasa shaidu huɗu, a sallame shi. Mace kuwa cikinta ko jaririn da ke hannunta shi ne hujjar da ake kafawa a kanta.

Haka aka yi wa Safiya Husaini hukuncin jifa a Gwadabawa a watan Oktoban 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta wanke ta a watan Maris na 2002. A cikin wannan wata ne kuma wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta, sai a ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta rushe shi da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Ba BAOBAB kaɗai ta yi aikin kare matan nan a kotu ba, kuma na tabbata baƙuwarmu ba za ta so a ce haka ba, domin ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim sun taka babbar rawa. Abin da nake so alƙalai da lauyoyin gobe da ke zaune a nan su riƙe shi ne irin hujjojin da aka yi nasara da su. An nuna cewa wanda ya yi iƙirari yana da damar janye shi, an nuna cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori alhali dokar jihar ta tanadi alƙali da mataimaka biyu, sannan aka kawo mas'alar kwantaccen ciki, wadda a mazhabar Malikiyya take ba da damar danganta ɗa ga tsohon miji har tsawon shekara biyar bayan saki. Duk waɗannan daga cikin fiƙihunmu suka fito, ƙarƙashin ƙa'idar nan da mafi yawan malamai suka yarda da ita cewa ana kawar da haddi idan akwai shubuha.

A ganina, aikin da ya fi nuna ko wace ce Dakta Ayesha shi ne wanda ta yi a watan Mayun 2003, lokacin da ita da abokiyar aikinta Sindi Medar-Gould suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu zanga-zangar wasiƙu a ƙasashen waje da su dakata. A lokacin ana yaɗa takardun koke ta intanet masu ɗauke da labarin da ba gaskiya ba ne, har da cewa an tsayar da ranar jifan Amina, alhali ƙararta tana gaban kotu, wasu wasiƙun kuma cike suke da cin zarafin Musulunci. Suka tunatar da duniya abin da ya faru da yarinyar nan ta Zamfara wadda aka yi wa bulala ɗari a watan Janairun 2001 tun ana shirya takardun ɗaukaka ƙararta, suka kuma bayyana cewa afuwar gwamna ba daidai take da wankewar kotu ba, domin afuwa tana nufin an yi laifi an yafe, wankewa kuwa tana tabbatar da cewa tun farko hukuncin bai inganta ba, kuma za ta amfani duk macen da za ta zo daga baya. Suka ce mai son taimako ya taimaka da kuɗin lauyoyi da mafaka ga waɗanda ake tuhuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗa wa abokin hamayya gaskiya abu ne da kowa yake iyawa, amma a ce wa masoyi mai kyakkyawar niyya, wanda kuma wataƙila daga aljihunsa tallafi yake fitowa, cewa taimakonsa yana cutarwa, wannan sai mai ƙarfin hali.

Duniya ba ta rasa gane darajar wannan aiki ba. A 2002 an ba ta lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam ta John Humphrey a ƙasar Kanada, tare da ƙungiyar BAOBAB da take jagoranta a lokacin. Kafin nan, a 1997, ita da Amina Mama da Fatou Sow sun tsara wani littafi da cibiyar binciken zamantakewa ta CODESRIA da ke Dakar ta buga, mai kira da a daina nazarin al'ummomin Afirka kamar maza ne kaɗai a cikinsu, kuma a 2017 ta zama shugabar hukumar gudanarwar Greenpeace, ƙungiyar kare muhalli ta duniya.

Ba zan ɓoye ba, ranki ya daɗe, a cikin wannan zaure akwai malamai da ɗalibai da suka saɓa da ke a wasu ra'ayoyinki, wasu ma a manyan batutuwa, kuma na san sun zo da tambayoyinsu a rubuce. Ba mu hana su ba, hasali ma mun ƙarfafa musu gwiwa, domin jami'a wurin kafa hujja ce, kuma wadda ta shafe shekaru fiye da arba'in tana muhawara da alƙalai da malamai da 'yan siyasa ba za ta ji tsoron tambayar ɗalibi ba. Abin da muke roƙon masu tambaya kawai shi ne ladabi da taƙaitawa.

Da yake al'ada ce mai masauki ya gabatar da buƙatunsa, muna da guda biyu. Ta farko, kusan dukkan rubuce-rubucenki da Turanci suke, alhali matan da kika yi su dominsu, da alƙalan ƙananan kotuna da limamai da masu unguwanni da ake fara kai wa ƙarar aure, da Hausa suke karatu, wasu a boko wasu a ajami. Muna neman amincewarki malamanmu na sashen Hausa da na shari'a su haɗu su fassara wasu daga ciki, ke kuma ki duba kafin a buga. Ta biyu, muna da ɗalibai masu neman manyan digirori da suke bincike a kan saki da riƙon 'ya'ya da auren wuri da fyaɗe, kuma suna fama da tambayar yadda za a yi hira da mace a kan abin da take jin nauyin faɗa ba tare da an keta mutuncinta ba. Idan lokacinki ya ba da dama, muna fatan ki zauna da su bayan laccar, ko da na sa'a guda ne.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma mayar da ke gida lafiya. Mai girma shugaban taro, da izininka nake gayyatar Dakta Ayesha Imam ta taso ta gabatar da laccarta. Bismillah, ranki ya daɗe.