Tsakuwa, Zare da Agogon Waya: Yadda Ake Auna g

Assalamu alaikum 'yan aji biyar da aji shida. Ku dubi abin da ke hannuna. Tsakuwa ce na tsinta a bakin titin Samaru, na ɗaure ta da zaren tela mai tsawon mita 1 cif. Da ita za mu auna ƙarfin da ƙasa ke jawo kowane abu da shi, wato g ɗin nan da kuka haddace 9.8 kamar karatun allo, ba ku taɓa tambayar inda aka samo shi ba.

Ga shi na rataye zaren a ƙusa. Zan ja tsakuwar gefe kaɗan, kaɗan fa, in sake ta, ban da turawa. Ta je ta dawo, lilo ɗaya ke nan. Kada ku auna ɗaya tak, domin kafin yatsa ya danna agogo lokaci ya riga ya zille. Ku ƙirga 20. Nawa agogon ya nuna? Kusan sakan 40. A raba da 20, kowane lilo ya ci sakan 2.

To ga lissafin. Fai, wato 3.142, a ninka shi da kansa, a ninka da 4, ya ba da kusan 39.5. A ninka da tsawon zaren, sannan a raba da 2 sau 2, wato sakan 2 na lilo ɗaya an ninka shi da kansa. Amsa ta kusa 9.9. Ɗan bambancin nan laifin yatsana ne.

Yanzu na cire tsakuwar na ɗaura kwaɗon ƙofa, wanda ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Kuna zaton zai fi sauri ko? Ku ƙirga. Sakan 40 ɗin dai. Nauyi ba shi da ta cewa a nan, tsawon zare ne ke mulki.

Irin wannan gwajin na yawan fitowa a firaktikal ɗin fiziks na WAEC da NECO, sai dai can za a sa ku canza tsawon zaren sau da dama, ku zana giraf, ku ciro g daga gangarensa. A nan ne masu hadda zalla ke yin zuru, wani ma ya manta bai rubuta ko santimita ce ko mita ba, maki ya tafi a banza.

Mai harin injiniyanci a ABU kuwa, fiziks na jiran sa a JAMB tare da lissafi da kemistiri. Kuma a Zariyar nan cibiyar binciken makamashi ta jami'ar take, inda na'urar nukiliyar bincike ta Najeriya ke aiki tun 2004.

Aikin gida: ku rage zaren ya koma santimita 25. Kafin ku taɓa agogo, ku rubuta a takarda sakan nawa kuke zaton lilo ɗaya zai ci, sannan ku auna.