Sharhi: Wa Ke Cin Moriyar Sabon Makamashi, Wa Aka Bari a Baya?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 21 ga Disamba, 2018, wasu mahaƙa suka fito daga ramin Prosper-Haniel da ke garin Bottrop a Jamus, fuskokinsu baƙi ƙirin da ƙura, suka damƙa wa shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier dunƙulen kwal na ƙarshe da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa a ƙasar. A ƙarshen shekarun 1950, mutum wajen 600,000 ne ke cin abinci da wannan sana'a. Jamus ta shafe kusan shekara 60 tana rage su sannu a hankali, wasu aka yi musu ritaya da wuri, wasu aka koya musu wata sana'ar, aka kuma buɗe jami'o'i a yankin Ruhr, kamar ta Bochum, domin 'ya'yansu su samu wata hanyar. Da wannan haƙurin aka rufe ramin ba tare da an watsar da mahaƙan a titi ba.

Na fara da wannan labari ne saboda yau ana son a yi irin wannan sauyi, wato barin kwal a koma wa makamashin rana da iska, a duniya baki ɗaya, amma cikin gaggawa.

Alƙaluman suna da daɗin ji. Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ce a 2023 mutum miliyan 16.2 ne ke aiki a wannan fanni. Sai dai miliyan 7.4 daga cikinsu a Sin suke, inda ake ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya. Nahiyar Afirka, duk da zafin ranarta, ba ta samu fiye da guraben aiki 324,000 ba. To, ka ga jimillar ta ƙaru, amma rabon bai kai ko'ina ba.

Ko a cikin ƙasa ɗaya ma haka abin yake. Ku dubi Afirka ta Kudu. Lardin Mpumalanga shi ne ke fitar da mafi yawan kwal ɗin ƙasar, nan ne manyan tashoshin wutar Eskom, kamfanin lantarki na ƙasar, suke. Rana mai ƙarfi kuwa tana can Northern Cape, iska tana gaɓar Eastern Cape da Western Cape, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A watan Oktoba na 2022 aka kashe injin ƙarshe na Komati, wata tashar wuta mai aiki da kwal a Mpumalanga. Ma'aikatan dindindin an mayar da su wasu tashoshin, amma 'yan kwantiragi, da direban tirelar da ke dakon kwal, da matar da ke ba ma'aikata hayar ɗaki, da mai shagon bakin ƙofar tashar, su wa ya lissafa da su? Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 497 don mayar da wurin tashar sola da batura, amma an riga an kashe wuta kafin sabbin ayyukan su kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Filin sola yana cin hannaye da yawa lokacin gini, ana haƙa, ana kafa ƙarafa, ana jan waya. Da an gama, mutane ƙalilan ne ke lura da shi. Mahaƙar kwal kuwa ta kan riƙe gari ɗungurungum, uba ya yi, ɗa ya gada. Ka ce wa mutum mai shekara 50 da iyali da bashin gida ya tattara ya koma wani lardin don aikin wata 18, ai ba ka ba shi komai ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Hayaƙin kwal yana cutar da huhun mutanen da ke zaune kusa da tashoshin nan, su ne ma farkon masu shaƙarsa, kuma barin kwal ya zama dole. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda ake barinsa. Jamus ta ware har yuro biliyan 40 ga yankunanta na kwal, irin su Lausitz, kafin wa'adin 2038 da ta sanya na daina samar da wuta da kwal. Afirka ta Kudu kuwa ƙasashe masu arziki, har da Amurka, sun yi mata alƙawarin dala biliyan 8.5 don barin kwal a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021, mafi yawansu rance ne, sannan a watan Maris na 2025 Amurka ta janye hannunta daga yarjejeniyar. Talakan Mpumalanga ake so ya yi da bashi abin da attajirar ƙasa ta yi da kuɗin aljihunta.

Ya kamata masana'antar haɗa batura, da makarantar koyon aikin lantarki, da gyaran ƙasar da haƙa ta lalata, duk su sauka a garuruwan kwal tun injin yana juyawa. Layukan wuta na nan a shimfiɗe, ƙwararrun masu walda da makanikai na nan. Bayan abin da ya faru a Komati, an ɗage rufe tashoshin Hendrina da Camden da Grootvlei zuwa 2030, kuma mutanen waɗannan garuruwa suna nan sun zuba ido su ga ko za a aza harsashin wani abu kafin ranar ta zo.