Kallon Namun Daji Ba Kamfani: Motar Da Ba Ta Fito A Bidiyon Ba

[Tashar mota a Garwa da asuba, ana ɗaura kaya a saman bas]

Tun makon jiya ake ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp. Wani saurayi ne da baƙin tabarau, raƙuman dawa na kiwo a bayansa, yana cewa shi bai ba kamfanin yawon buɗe ido ko sisi ba, kuɗin bas kawai ya kashe. Sai tambayoyi suka yi ta shigowa: wai da gaske ne? Mu ma mu hau bas mu sauka a bakin daji?

Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba. Akwai wata mota da ta kai shi gaban raƙuman nan. Ba ku gan ta ba ne don a kanta ya jingina wayar.

[Taswirar arewacin Kamaru da kudancin Cadi]

Mu yi sauri a kan abin da ba ya rikita kowa. A arewacin Kamaru, gandun dajin Binuwai yana tsakanin Garwa da Ngawundare, faɗinsa murabba'in kilomita 1,800. Buba Njida yana ƙasar Lamiɗon Rai Buba, dab da iyakar Cadi, 2,200. Faro na wajen Poli, kusa da Najeriya. Waza can arewa da Mora, 1,700, an keɓe shi tun 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968. A Cadi kuma akwai Zakuma, tun 1963.

Lokacin zuwa, rani. Daga Disamba zuwa Afrilu. Da damina hanyoyin ciki sun zama taɓo, ciyawa ta fi mutum tsawo, giwa ma sai ta ɓace maka. Ni na fi son Maris, lokacin da tafkuna suka ƙafe, komai ya taru a ɗan ruwan da ya rage. Sai dai zafin, ka sha ruwa kamar raƙumi ka ji kamar ba ka sha ba.

[Bas na gudu a kan kwalta, daji hagu da dama]

To, ga inda nake so mu zauna.

Wannan titin da kuke gani, wanda ya taso daga Ngawundare zuwa Garwa, yana bin gefen gandun Binuwai. Bas zai sauke ka a mararraba, kwandasta ya miƙo maka jaka, su wuce. Ka juya, burji ne ya miƙe cikin daji, sansanin Buffle Noir kuma, masaukin baƙi na gandun, yana can bakin kogi, tafiyar kilomita masu yawa. Ba tasha, ba layin 'yan acaɓa. Ko ka samu mai babur ya kai ka sansanin, gobe da asuba da me za ka zagaya? Da ƙafa? Dajin da ɓauna ke ciki?

Abin da kamfani ke sayar maka, in ka ɓare shi, yawancinsa mota ce da direba da mai. Ka cire kamfani, motar ba ta tafi ko'ina ba, kanka ta dawo. Kuma kuɗinta ba na kujera ba ne irin na bas. Na yini ne. Ko kai kaɗai ne a ciki, ko ku biyar, farashi ɗaya.

[Hannu na yanka dogon burodi a kan tebur]

Ku ɗauki burodin nan a matsayin kuɗin motar. Ka tafi kai kaɗai, naka ne duka, ka haɗiye. Ku biyu, rabi-rabi. Ku huɗu, kowa ɗan guntu. Arahar tafiyar nan kaf a wuƙar nan take. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin ƙofa, kafin ka sayi hula mai faɗi, nemi abokan tafiya. Masu biyan kuɗi, ba masu "in sha Allahu zan turo" ba.

Amma kada ku cika motar. Wannan da kaina na koya.

[Bayan mota, jarkoki da safaya taya]

Mu biyar muka tashi daga Garwa, da direba shida, muna ta murna mun raba kuɗi ya yi sauƙi. Muka isa ƙofa, aka haɗa mu da ɗan jagora, don ba a barin baƙo ya kutsa gandun shi kaɗai. Bawan Allah ya zo da gorar ruwansa, ya leƙa ciki, ya dube mu. Babu kujera. Shi kuwa dole gaba zai zauna, shi ke ganin sawu, shi ke cewa a tsaya. Ƙaramin cikinmu ne ya koma baya tsakanin jarkoki. Yini guda tsando na cizonsa, ƙura ta mayar da shi ja kamar tukunya. Har yau in an yi zancen dorina sai ya canja magana.

A ranar ce kuma direba ya juyo ya ce da ni: "Alhaji, ai cinikinmu zuwa ƙofa ne. Yawon ciki kuma wata magana ce."

Na ce, "Haba Malam, to me muka zo yi ƙofa? Gaishe ta?"

Dariya ya yi. Kuma gaskiyarsa, ba mu faɗa ba. Mun biya.

Don haka ku zauna da mai mota tun a gari, da shayi, a fayyace komai. Kuɗin na yini ne ko na zuwa da dawowa? Man wa zai zuba, kuma har da na zagayen asuba da na yamma? Abincin direba da makwancinsa a kan wa? In mota ta lalace a daji muka yi asarar yini, za a biya wannan yinin? A rubuta a takarda ko a saƙon waya, kowa ya riƙe. Kafin alƙalami kuma kada ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi.

Sannan ka duba motar da idonka. Mai tsayin ƙafa, mai ja da ƙafa huɗu. Safaya taya mai iska, ba wadda aka ajiye don ado ba. Jak. A cika tanki a gidan mai a cikin gari, a ƙara jarka. In mai fetur ce, kada ka dogara da zuwa-zuwar kwalba ta bakin hanya, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, wani lokaci rabinta datti ne, kuma a tsakiyar daji ba bakanike.

[Ƙofar gandu, ma'aikaci na rubuta rasit]

Kuɗin ƙofa, a gurguje. Akwai na mutum, na mota, na kyamara, da na ɗan jagora. Ɗan ƙasa ya fi baƙo sauƙi, saboda haka ka riƙe katin shaidarka, dama jandarmomi za su nema a shingaye. Tsabar sefa za ka riƙe, da canji. Ka karɓi rasit. Gandayen Kamaru suna ƙarƙashin ma'aikatar gandun daji da namun daji, kowanne da shugabansa, kuma ofishinsa za ka fara tuntuɓa ka ji ko hanyoyi sun buɗe. Ɗan jagora kuma a yi masa ihsani bayan kuɗinsa. Ka gaishe shi da "jam na", gaisuwar Fulatanci, ka ga yadda fuska za ta sake.

[Garken giwaye cikin ƙura]

Zakuma lissafinta daban. Can sansanin Tinga yana da motocin zagayawa, wahalar ita ce isa: kusan kilomita 800 daga Injamena, ta Mongo zuwa Am Timan. Baƙo kuma sai da takardar izinin zirga-zirga. Amma giwayen nan sun cancanci tafiyar. Kusan 4,000 ne a 2002, mafarauta suka mayar da su wajen 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun. Yanzu ga 'yan ƙanana nan suna bin iyayensu.

Waza kuwa, inda nake zargin saurayin namu ya ɗauki bidiyonsa, ba wurin da za ka tashi kawai ka tafi ba ne. Tun da aka sace wasu iyalin Faransawa kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, hanyar nan sai da tambaya. Ka ji ta bakin ofishin gandun da jami'an tsaro a Marwa ko Mora. In sun ce a dakata, a juya akalar zuwa Binuwai.

[Dorina ta ɗago kai a kogi, ta yi hamma]

Ga ta nan. Malam direba, kashe injin.