Wat 5 Ya Isa: Lacca a kan rage ƙarfi a rediyon sha'awa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan wasu mutane ne cikin masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin yin hira da juna ta iska daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka doka ta yarda mai lasisi ya aika sigina da ƙarfin da ya kai wat 1,500. Galibin na'urorin da ke kasuwa wat 100 suke fitarwa. Amma su waɗannan, da gangan suke murɗa ƙarfin ya dawo wat 5 ko ƙasa da haka. QRP ake kiran wannan salo. Ni ma ina cikinsu.

Mu fara da lissafi, don nan ake ruɗewa. Daga wat 100 zuwa 5, an rage ninki 20, sai mutum ya ɗauka ba za a ji shi ba sam. To a jikin rediyo akwai ma'aunin ƙarfin sigina, daga 1 zuwa 9, kuma kowane mataki ɗaya daidai yake da ninka ƙarfi sau 4. Daga 100 ka sauko 25, mataki ɗaya ya tafi. Daga 25 zuwa wajen 6, na biyu ke nan. Kun gani? Wanda ake ji a kan 9, in ya koma wat 5 za a ji shi wajen 7. Bakwai kuwa sigina ce rangaɗaɗa.

Abin da ke kai sigina nesa a gajeren zango yana can sama, kilomita 200 zuwa 400 bisa kawunanmu, inda hasken rana ke caja iska har ta riƙa dawo da sigina ƙasa. Idan hanyar ta buɗe, wat 5 sai ya tsallaka teku. Idan ta rufe, mai wat 1,000 ma haƙuri zai yi. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi dole ya zama ɗalibi: ya san mita 20 ta fi da rana, mita 40 da dare, ya san rana tana da zagayen kusan shekara 11 da ke gyara hanya ko ya ɓata ta.

Sai eriya. Nan na fi so ku tsaya. Waya ce kawai, tsawonta kusan mita 10 idan a mita 20 za ka yi aiki, a jona ta da rediyo daga tsakiya. Ka ɗaga ta, ka auna, ka sauke, ka datse ɗan guntu a kowane gefe, ka sake ɗagawa. Mai babban ƙarfi yana iya rufe aibin eriyarsa da wuta. Kai ba ka da wat ko ɗaya na zubarwa, sai ka gyara ta tsaf. Wallahi abin da mutum ke koya a wannan hawa da sauka, ba ya mantawa.

Kuma ƙaramin ƙarfi ya bar wa mutum ƙofar ƙera kayansa da hannunsa. A 1976 Doug DeMaw ya wallafa a mujallar QST yadda ake haɗa na'urar aikawa da tiransista 2 a kan gwangwanin kifi, ƙarfinta bai kai rabin wat ba. A Ingila, wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa ƙungiyar G-QRP a 1974. Ku yi tunanin mutum ya zauna ya nannaɗa siririyar waya yana ƙirga zagaye, ya liƙe ƙafafun tiransista da dalma, ya jona batir, ya buga saƙon Mos, wato haruffan da ake aikawa da gajeru da dogayen sautuka, a kan megahaz 14.060 cikin mita 20, sai ya ji wani daga wata nahiya yana maimaita lambar kiransa. Mos aka fi amfani da shi, don siginarsa siririya ce, kunne na iya tsamo ta daga cikin shuuu ɗin rediyo inda murya za ta nutse.

Amma akwai haƙƙin da nake so mu riƙa bayarwa. Duk sanda aka ji raunanniyar siginarka, rabin aikin na wancan ɓangaren ne. Shi ya matse abin saurare a kunne, ya ce ka maimaita, ya sake cewa ka maimaita, bai gaji ba. Sau da yawa ma babbar eriyarsa ce ta ɗauko ka. Don haka ba na jin daɗi in ga mai QRP yana raina masu babban ƙarfi. Ka gode masa, ka taƙaita saƙonka. Ranar da kuwa aka shiga bala'i, rayuka na cikin haɗari, a buɗe duk ƙarfin da doka ta yarda. Ma'aunin dai shi ne saƙo ya isa: dokar Amurka ma cewa ta yi a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da saƙo.

Mai son gwadawa ba sai ya sayi komai ba. In kana cikin hira an ce ana jin ka da kyau, ka nemi izinin abokin hirarka, ka sauko 50, ka tambaye shi, ka sauko 10, sannan 5, kana rubuta abin da ya ce a kowane mataki.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.