Yorktown: Ranar da Teku Ta Juya wa Ingila Baya

Akwai wani ɗan ƙaramin gari a bakin Kogin York, a Virginia ta ƙasar Amurka. Nan ne Yorktown. A watan Agusta na 1781, ana cikin yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila, Janar Cornwallis na Ingila ya yada zango a nan da dakaru kimanin 8,000, hankalinsa kwance. A lissafinsa teku ta Ingila ce: in abinci ya ƙare ko wuta ta yi wuta, jirage za su zo.

George Washington kuwa, babban kwamandan sojojin Amurka, yana can arewa, idonsa na kan New York. Ranar 14 ga Agusta saƙo ya iso masa cewa de Grasse, babban kwamandan ruwa na Faransa, ya taso daga Karebiyan da manyan jiragen yaƙi ya nufi mashigin Chesapeake, inda Kogin York ke zubawa, amma ba zai wuce tsakiyar Oktoba ba. Nan take shi da Janar Rochambeau na Faransa suka juya akala zuwa kudu. Ku ji dabara: sai da suka gina tanderun gasa burodi a New Jersey, don 'yan leƙen asirin Janar Clinton, babban kwamandan Ingila da ke New York, su gani. Wa zai gina tanderu in tafiya zai yi? Kafin Clinton ya farga, sun yi nisa.

Ranar 5 ga Satumba jiragen Faransa 24 suka yi arangama da na Ingila 19 a bakin Chesapeake. Aka yi 'yan sa'o'i ana ɓarin wuta, daga baya na Ingila suka koma New York gyara. A ganina ranar aka gama da Cornwallis, kuma a wannan arangamar babu jirgin Amurka ko ɗaya.

Saura ƙarasawa. Ranar 28 ga Satumba aka yi wa garin ƙawanya, aka haƙa ramuka, ranar 9 ga Oktoba igwa ta fara magana. Daren 14 ga wata Alexander Hamilton, wani hafsan sojan Amurka, ya jagoranci mutanensa suka afka wa wata ƙaramar ganuwa, bindigoginsu babu harsashi don kada wani ya harba ya tona asiri, sai wuƙar bakin bindiga kawai. Faransawa suka kame ta kusa da ita. Cornwallis ya gwada tsallake kogi da dare, hadari ya tarwatsa kwale-kwalensa.

Ranar 19 ga Oktoba aka miƙa wuya. Cornwallis ya ce ba shi da lafiya, ya turo mataimakinsa O'Hara da takobi. O'Hara ya nufi Rochambeau, Bafaranshen ya nuna masa Washington. Washington ya ce mataimaki sai mataimaki, ya tura shi wurin Benjamin Lincoln.

A wannan ranar ce Clinton ya taso daga New York da ɗauki. Gwamnatin Lord North, firaministan Birtaniya, ta faɗi a Maris na 1782, a Satumban 1783 kuma Ingila ta sa hannu a Paris ta amince da 'yancin Amurka.