Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Gaske: Ƙira, Gyara Da Tuƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka.

Wannan jirgin da kuke gani yana keta ruwa, tsawonsa santimita 80 ne kacal. Ba kowa a cikinsa, mai tuƙin yana tsaye a bakin gaɓa da rimot a hannu. A ƙasashe da dama akwai mutane, har da dattawa masu furfura, waɗanda ba su da abin yi a ranar hutu sai ƙera irin waɗannan ƙananan jirage, da gyara tsofaffinsu, da sakin su a ruwa. Yau za mu bi aikin tun daga katako har bakin tafki, kuma zan faɗi abin da ya sa nake ganin mu mutanen Kebbi muna da rabo babba a cikinsa.

Abin ya daɗe. A 1920 masu tonon kayan tarihi sun buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, a Masar, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, an ajiye su kusan shekara 4,000. Daga irin waɗannan ne aka fahimci abubuwa da yawa game da yadda ake tuƙi a kogin Nilu a wancan zamani. A Ingila kuma, tun ƙarni na 17 ake ƙera ƙananan samfuran jiragen yaƙin sarki, galibi a kan ma'aunin 1 bisa 48, wato an rage girmansu sau 48. Daga baya abin ya koma nishaɗi, mutane suna tseren ƙananan jirage masu tafiya da iska a tafkunan shaƙatawa na Landan da Faris. A 1898 wani masanin lantarki, Nikola Tesla, ya nuna jirgin da ake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba a birnin New York. Yau idan masu wannan harka suka ce tsohon yayi, sukan nufi waɗancan masu iska, ko kwafin jiragen gudu na katako mai sheƙi irin na Chris-Craft a Amurka da Riva Aquarama da aka fara yi a Italiya a 1962.

Suna da kyau, ba musu. Amma ku zo mu duba gida.

Jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka a Najeriya yake, kwale-kwalen Dufuna a Jihar Yobe. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000. A nan Kebbi kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya ga tseren kwale-kwale a ranar Kabanci, wato ranar wasannin ruwa. A Yawuri akwai bikin tseren jirage na Rigata, akwai jiragen Sarkawa da na Gungawa, akwai manyan jiragen katako masu inji da ke ɗaukar buhuna da dabbobi ranar kasuwa.

Ga abin da ke damuna. Mai son ƙera kwafin Riva zai sami zanensa a intanet, kowane layi da awonsa. Namu fa? Siffarsu tana cikin kan masassaƙa da hannunsu, uba ya koya wa ɗa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shafe tsibirai da garuruwa, zaman mutanen kogi ya sauya, inji ya shigo, manyan itatuwan da ake fafewa suna ƙaranci. Duk siffar da aka daina yi, in ba wanda ya auna ta, ta tafi ke nan. Shi ya sa shawarata ga mai farawa ita ce, jirginka na farko ya zama namu.

Ka ɗauki tef da littafi ka tafi bakin ruwa. Ka yi sallama, ka gaida dattijon da ka tarar: "Baba, barka da aiki, ina neman izinin auna jirgin nan ne don in yi ƙaraminsa." In wurin na ƙarƙashin Sarkin Ruwa ne, a fara gaishe shi. Auna tsawo, sannan ka raba tsawon gida goma, a kowane gida ka auna faɗin baki, faɗin ƙasa da zurfi. Ka ɗauki hoto ta gefe, ta gaba, ta baya. Ka tambayi sunan kowane sashe da irin itacen, ka rubuta yadda ya faɗa. Kada ka manta da alamar da ruwa ya bari a jikin jirgin, domin ita za ta nuna maka iyakar nutsewarsa.

Yanzu lissafi, kuma a nan nake so ku natsu, don shi ne zuciyar aikin.

A ce jirgin mita 8 ne, ka rage shi sau 10, ya dawo santimita 80. Mutum zai zaci nauyi ma sau 10 zai ragu. A'a. Tsawo ya ragu sau 10, faɗi sau 10, zurfi sau 10. Goma sau goma sau goma, 1,000. Saboda haka in babban da kayansa kilo 600 ne, ƙaramin dole ya tsaya a giram 600, da batir da inji da fenti da komai. Dalili kuwa, kowane jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka wuce giram 600, zai nutse ya wuce alamar nan da ka auna, igiyar ruwa kaɗan ta cika shi. Dokar da ke kifar da babban jirgi idan an yi masa lodi fiye da kima ita ce dai ke aiki a nan, kuma mu a wannan jiha mun san zafin wannan magana. Yaron da ya gwada da hannunsa a baho ya ga yadda tsakuwa ɗaya ta ƙarshe ke nutsar da jirgi, ba zai manta ba ranar da ya girma ya tsaya a mashiga.

Gudu shi ma da nasa lissafin. A ma'aunin 1 bisa 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun babban ake so. A 1 bisa 16, kashi ɗaya cikin huɗu. Wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, shi ya tabbatar da wannan da gwaje-gwajen ƙananan jirage a wajejen 1870, kuma har yau masu ƙera manyan jiragen teku da shi suke aiki. In ka bi shi, igiyar da ƙaraminka zai tayar za ta yi kama da ta babban. In ka cika masa wuta, sai ya riƙa tsalle kamar fara, kyan ya ɓaci.

Masu tafiya da iska matsalarsu ta fi. Ƙyallen da ke kama iska ya ragu sau 100, nauyi ya ragu sau 1,000, iska kuwa ba ta ragu da komai ba. Shi ya sa ake yi musu doguwar ƙafa a ƙarƙashi da nauyi a ƙarshenta. A rukunin tsere na mita ɗaya da ake yi a duniya, jirgi ba ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin wannan nauyi yana cikin ƙafar.

Ƙira iri biyu ce, kuma duka biyun mun san su. Ta farko fafewa: ka sami guntun katako mara nauyi, ka zana siffar a sama da gefe, ka sassaƙe waje, sannan ka fafe ciki a hankali har bango ya yi siriri. Ta biyu jeri: ka yanka ƙashin baya, ka kafa masa haƙarƙari daidai da awon gida goman nan, sannan ka bi da siraran katako ɗaya bayan ɗaya. A nan akwai ƙa'ida guda: in ka liƙa ɗaya a dama, liƙa ɗan'uwansa a hagu kafin ka ci gaba. In ka gama gefe guda tukuna, katakon zai ja jirgin ya karkace, kuma karkataccen jirgi ba ya tafiya miƙe.

Turawa sukan yi amfani da balsa, wani itace mara nauyi daga Kudancin Amurka, ɗan'uwan riminmu ne. Amma kada rashinsa ya tsayar da kai. Obeche da masu wannan sana'a ke saye da tsada a Turai daga dazukan Afirka ta Yamma yake fita, Najeriya na ciki. Tambayi 'yan katako, ko ka nemi ragowar yanka wurin kafinta. Malaina ma tana yi. Madaci ka bar shi don ado a sama, yana da nauyi. Duk wanda ya yi motar kara yana yaro, hannunsa ya riga ya san rabin aikin.

Gam ɗin farin nan na kafintoci ruwa yana sassauta shi. Nemi mai haɗi biyu, wanda ake gauraya ruwa biyu ya daskare. Ka shafe ciki da waje, har lungun da ido ba ya gani, don katakonmu yana shan wuya: hunturu ya busar da shi ya tsage, damina ta kumbura shi.

Nauyin daidaitawa a can ƙasa ake sa shi, a tsakiya. Littattafan waje za su ce a narka dalma. Don Allah kada a yi haka a cikin gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, maƙwabtanmu. Tsofaffin noti da guntayen rodi sun isa, a binne su cikin gam.

Inji ba wuya: ƙaramin injin lantarki mai juyawa, sanda mai ratsa bututu zuwa farfela, a cika bututun da giris don ya hana ruwa shiga, sai ɗan faifan da ke juya akalar jirgin a baya. Rimot na zamani mai aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz ya fi tsoho mai 27 MHz, domin jirage da yawa za su yi tafiya tare ba tare da wani ya kutsa wa wani ba.

Sai gyaran tsoho. Wani lokaci a kayan gwanjo za ka tsinci tsohon jirgin katako, ko a gida a sami wanda kaka ya sassaƙa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin ka kankare shi ka yi sabon fenti. Dakata. Fara da hoto ta kowace fuska. Kaɗe ƙura da burushi mai taushi, ka goge da auduga mai ɗan laima, wuri kaɗan-kaɗan. Sau da yawa tsohon launin yana nan lafiya a ƙarƙashin datti, kuma shi ne darajar jirgin. Don gano inda yake yoyo, shiga ɗaki mai duhu ka sa tocila a cikinsa, duk inda haske ya fito nan ne. Ka cike tsagar da gam da garin katako. Ƙananan ramuka masu zubar da gari alamar ƙwaro ce, a yi maganinsa kafin komai. Abin da ka cire, ko ƙusa ce, sa a leda ka rubuta inda ta fito. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, saboda haka ba a goge shi a bushe, a jiƙa, a rufe hanci, yara su matsa. Kuma ba kowane tsoho ne zai koma ruwa ba. In katakon ya yi rauni, ka auna shi ka ƙera sabo a kan siffarsa, shi kuma ya huta a kan kanta.

Ranar saki, a fara da baho a tsakar gida. Ka duba ko ya zauna daidai, ka bar shi rabin sa'a, ka buɗe ka ga ko ruwa ya shiga. Ka cusa soso mai tasowa saman ruwa a gaban jirgin da bayansa, ko ya kife ba zai tafi ƙasa ba. Daga nan ka nemi ruwa kwantacce mara zurfi, da sassafe kafin iska ta tashi. Kogi mai gudu ba wurin gwaji ba ne, balle Neja a Yawuri inda dorina take. Ka kauce wa kainuwa da bado, suna naɗe farfela, ka kuma yi nesa da tarun masunta. Kunna rimot kafin jirgi, in za a kashe kuma jirgi ne farko. Ka saki jirgin ta inda iska za ta turo maka shi in batir ya mutu. In ya maƙale a tsakiya, ba a bin sa da iyo, ko kai ɗan ruwa ne, kuma ba a tura yaro. Ɗaura ƙwallo a zaren fatsa ka jefa ta bayansa ka jawo, ko ka roƙi mai kwale-kwale. Ruwan da ke kwance kuma yakan ɗauki tsargiya, a rage shiga.

Da an fito, cire batir, kada ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Buɗe murfin jirgin, tsane ruwan da tsumma, ƙara giris a bututu, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Ajiye shi a kan abu mai ƙafar ƙarfe, nesa da bangon ƙasa, saboda gara.

A bidiyo na gaba za mu zauna da takarda da fensir, mu mayar da awon kwale-kwale guda zuwa zanen haƙarƙarin da za a yanka. Ku tanadi tef, rula da kwali mai kauri. Sai mun haɗu, a huta lafiya.